ƘURAJE MASU UWA DA MAGANINSU

Mai gida, wannan darasi naka ne, kai da iyalinka. In ka iya karatu, ka tara mutanen gidanka da dare bayan an ci tuwo, ka karanta musu. In ba ka iya ba, ka ba ɗanka ɗan makaranta ya karanta, kowa ya saurara.

Za mu yi magana a kan wani ciwon fata wanda ya kan ba mutane tsoro fiye da yadda ya kamata. Ya kan fara da tabo guda ɗaya, bayan 'yan kwanaki sai ƙananan tabuna su cika ƙirji da baya. Ciwon nan yana warkewa da kansa. Akwai kuma wani magani da ya kan gajarta kwanakinsa ga waɗansu mutane. Amma fa ba a fara shan maganin sai likita ya duba, ya tabbata ba wani mugun ciwo ne mai kama da shi ba. Wannan ita ce maganar da mu ke so ka riƙe.

SUNAN CIWON

Likitoci suna kiransa fitiriyasis rosiya. Wani likitan ƙasar Faransa, mai suna Gibert, shi ya sa masa wannan suna a shekarar 1860. Kalma ta farko daga harshen Girka ta fito, ma'anarta dusa, domin tabon ya kan yi ɗan ɓawo mai laushi kamar dusar gero. Kalma ta biyu kuwa tana nufin jaja-jaja, domin haka launinsa ya ke a jikin farar fata. Sunan yana da wuyar faɗi, saboda haka a cikin darasin nan za mu riƙa ce masa ƙuraje masu uwa, don babban tabo guda ne ke fara fitowa, sa'an nan ƙanana su biyo shi kamar 'ya'ya.

Ba ciwon Turawa ne kaɗai ba. Ana samunsa a ko'ina cikin duniya, har da ƙasarmu. Likitocin fata sun rubuta bayanin yadda ya ke kama mutanen Nijeriya tun shekarar 1980. Ya fi kama yara manya da samari da 'yan mata, daga masu shekara 10 zuwa masu shekara 35.

YADDA ZA KA GANE SHI

Kafin kome ya fito, waɗansu su kan ji kasala, ko ciwon kai, ko ciwon maƙogwaro, kamar mura za ta kama su. Waɗansu kuwa ba su jin kome.

Sa'an nan uwar ta fito. Tabo ne guda, mai siffar ƙwai, faɗinsa inci 1 ko 2, wani ya kan kai inci 4. Galibi a ƙirji ya ke fitowa, ko a baya, ko a ciki, ko a wuya, ko a cinya. In ka duba da kyau za ka ga ɗan ɓawo ya kewaye shi ta ciki, kusa da bakinsa. Ba kowa ke ganin uwar ba. Wani ba ta fito masa ba, wani kuwa ta fito a inda idonsa ba ya kai.

Bayan 'yan kwanaki, ko mako guda, ko mako 2, sai 'ya'yan su fito da yawa. Su kan cika ƙirji da baya da ciki, da damatsa da cinyoyi. A bayan mutum su kan jeru a karkace, daga ƙashin baya su gangara zuwa haƙarƙari, dama da hagu, kamar ganyen dabino. Wannan jeri babbar alama ce ga likita.

A jikin baƙar fata ba lalle ne ka ga ja ba. Tabon ya kan zama toka-toka, ko baƙi-baƙi, ko ya fi sauran jiki duhu. Sau da yawa kuma ya kan zo da ƙananan ƙuraje masu tudu. A jikin yaranmu ya kan hau har fuska da kai, abin da bai cika yi wa Turawa ba.

Wajen rabin masu ciwon su kan yi ƙaiƙayi. Na wani kaɗan ne, na wani kuwa har ya hana shi barci. Zufa da ruwan zafi suna ƙara shi.

In ba a yi masa kome ba, ya kan washe cikin mako 6 zuwa 8. Na waɗansu ya kan kai wata 3. Wanda ya taɓa yinsa, da wuya ya sake.

ABIN DA KE KAWO SHI

Ba ƙazanta ke kawo shi ba. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba, ba kuwa wani abinci da aka ci.

Ka sani ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, waɗanda su ke kawo tarin fuka da kwalara. Akwai masu kama da fumfuna, su ne ke kawo makero da kyasbi. Akwai kuma bairos, wanda ya fi su duka ƙanƙanta, shi ke kawo ƙyanda da ƙarambau da mura. Kowane iri da maganinsa. Maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Cikin bairos akwai wani dangi da a ke kira hafis. Bairos na ƙarambau ɗan dangin nan ne. Halinsu shi ne in sun shiga jikin mutum ba su fita, sai su kwanta shiru shekara da shekaru. An ba 'yan dangin lamba. An gano mai lamba 6 a shekarar 1986, mai lamba 7 kuwa a 1990. Kusan kowa ya ɗauki waɗannan biyu tun yana ƙaramin yaro. Wani yaro ya yi zazzaɓi na kwana 3 da 'yan ƙuraje ya warke, wani ko alama bai nuna ba.

A shekarar 1997 waɗansu likitoci na birnin Jenowa ta ƙasar Italiya suka sami alamar mai lamba 7 a jini da fatar masu ƙuraje masu uwa. Daga baya aka sami alamar mai lamba 6 kuma. Saboda haka ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurin likitoci shi ne, bairos ɗin da ke kwance a jiki ne ya kan farka, jiki ya tashi yaƙarsa, ƙurajen su fito. Da jiki ya rinjaye shi sai ya koma ya kwanta, fata ta washe.

KO ANA ƊAUKA?

Ba a lissafta shi cikin cututtukan da a ke ɗauka ta wurin taɓa mutum ko tufafinsa. Ga ƙazuwa, in ta shiga ɗaki sai ta bi kowa. Wannan kuwa, galibi mutum ɗaya ya ke kamawa a gida. Kada ka ware wa ɗanka akushi dabam. Kada ka hana shi makaranta. Kada a fasa aure, ko a ƙaurace wa mata, saboda shi. Muddin likita ya tabbatar ƙuraje masu uwa ne, mai su ya ci gaba da harkarsa cikin mutane.

CUTUTTUKAN DA KE KAMA DA SHI

Nan ne haɗarin ya ke. Kama da wane ba wane ba ne. Akwai cututtuka huɗu da su kan sa rigarsa.

Na ɗaya, tunjere. Ciwo ne da a ke ɗauka wurin saduwar mace da namiji. Ya kan fara da ɗan gyambo marar zafi a al'aura, ya warke da kansa. Bayan 'yan makonni sai ƙuraje su bazu a jiki, masu kama ƙwarai da waɗanda mu ke magana a kansu. Sau da yawa su kan fito har a tafin hannu da tafin ƙafa, inda ƙuraje masu uwa ba su cika zuwa ba. To, ka lura da wannan. Ƙurajen tunjere su ma suna ɓacewa da kansu. Mutum sai ya ce ya warke, alhali ciwon ya nutse ne cikin jiki. Bayan shekaru ya kan lalata zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko idanu. Mace mai ciki kuwa ta kan ba ɗan da ke cikinta, ya mutu, ko a haife shi da ciwo. Ido kaɗai ba ya raba su. Gwajin jini ne ke rabawa, allurar fenisilin kuwa tana warkar da tunjere. Saboda haka in likita ya ce a ɗebi jininka, kada ka ji haushi. Ba zarginka ya ke yi ba, ƙa'idar aikinsa ke nan ga kowane baligi.

Na biyu, makero. Uwar tabon tana kama da shi sosai, har ma'aikacin lafiya ya kan ruɗe a kwanakin farko. Makero ya kan yi ta faɗi a hankali, bakinsa da tudu, ana kuwa ɗaukarsa daga mutum ko dabba. A asibiti a kan kankari ɗan ɓawon a duba da madubin likita. Man makero ba ya yi wa ƙuraje masu uwa kome.

Na uku, kuturta. Ta kan fara da tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi. Babbar alamarta ita ce wurin ba ya ji. In mutum ya rufe ido aka shafa masa auduga a kan tabon, ba zai san an taɓa shi ba. Kuturta tana warkewa da maganin wata 6 ko wata 12, kyauta a ke ba da shi a asibitin Gwamnati. Wanda ya je da wuri ba ya rasa yatsa.

Na huɗu, ƙurajen da magani ya kawo. Waɗansu magunguna, kamar waɗansu na hawan jini, su kan sa ƙuraje masu irin wannan siffa. In ka fara shan wani sabon magani kafin ƙurajen su fito, ka tafi da kwalinsa ka nuna wa likita.

Ka ga dalilin da ya sa mu ke cewa a fara da asibiti. Mai ƙuraje masu uwa in ya zauna a gida zai warke. Amma mai tunjere ko kuturta in ya zauna yana cewa zai washe da kansa, ya cuci kansa, ya cuci iyalinsa.

MAGANIN BAIROS

Kafso da allurar da mutane su ka saba da su, irin su fenisilin da tetarasaikilin, bakteriya su ke kashewa. Ba su da iko a kan bairos ko kaɗan. Maganin bairos dabam ya ke, ba shi kuwa da yawa.

Wanda a ke gwadawa a kan ƙuraje masu uwa sunansa asaikulobiya. A jikin kwalinsa za ka ga an rubuta Aciclovir ko Acyclovir. An gano shi a Amurka a shekarar 1974. Cikin waɗanda su ka yi aikinsa akwai wata mace masaniyar haɗa magunguna, Gertrude Elion, wadda ta sami kyautar Nobel a 1988. Asalin aikinsa a kan ƙarambau ne, da ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke kama gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara, da ƙurajen hafis na leɓe da na al'aura.

Ga yadda ya ke aiki. Bairos ba ya iya haihuwa shi kaɗai. Sai ya shiga cikin ƙwayoyin naman jikin mutum, ya riƙa ƙera irinsa a can. In zai ƙera sabo, sai ya haɗa wata doguwar sarƙa, zobe bayan zobe, kamar yadda maƙeri ke yi. To, maganin nan yana kama da ɗaya daga cikin zobban, amma ba shi da maƙali a ƙarshensa. Da bairos ya ɗauke shi ya sa a sarƙarsa, sai zobe na gaba ya rasa inda zai kama. Sarƙa ta tsaya, aiki ya ɓaci.

Wani abin sha'awa kuma, maganin a kwance ya ke shiga jiki. Ba ya tashi aiki sai wani makami na bairos ɗin kansa ya tashe shi. Don haka ya ke barin lafiyayyen nama, ya bi inda cuta ta ke.

Daga bayanin nan za ka fahimci abu biyu. Na farko, maganin yana hana bairos ƙaruwa ne, ba ya fitar da shi daga jiki. Na biyu, amfaninsa ya fi yawa sa'ad da bairos ke tsakiyar ƙaruwa, watau a farkon ciwo.

Akwai kuma abu na uku. Masu lamba 6 da 7 ba su da ainihin makamin nan irin na bairos ɗin ƙarambau. Da aka gwada a ɗakin bincike, an ga ƙarfin maganin a kansu bai kai ƙarfinsa a kan na ƙarambau ba. Wannan na cikin dalilan da su ka sa likitoci ba su ɗauke shi sha-yanzu-magani-yanzu ba.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

In ciwo yana warkewa da kansa, da wuya a san ko magani ne ya warkar da shi. Kowane mai magani zai ce nasa ne ya yi. Mutum ya shafa wani abu a mako na 6, ciwo ya tafi a mako na 7, sai a yi ta yabon abin da aka shafa, alhali dama lokacin tafiyarsa ya yi. Don haka likitoci su kan raba marasa lafiya kashi biyu. Kashi ɗaya a ba su magani, ɗaya kashin a ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, sa'an nan a gwama.

Likitocin nan na Jenowa sun yi haka, su ka ba da labari a shekarar 2006. Mutum 87 su ka gwada. Masu shan magani sun sha miligiram 800 sau 5 a rana har kwana 7. Da aka duba a rana ta 14, cikin masu shan magani kashi 79 bisa 100 sun washe, cikin sauran kuwa kashi 4 bisa 100 kaɗai. In an daidaita, masu magani sun washe cikin wajen kwana 18, sauran kuwa wajen kwana 38.

Daga nan aka sake gwadawa a Iran da Indiya, waɗansu da ƙaramin awo na miligiram 400. Yawancin gwaje-gwajen sun nuna amfani. Amma wani da aka yi a Indiya, aka ba da labarinsa a 2016, bai ga bambanci ba. A shekarar 2019 wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 14 na magunguna dabam dabam da aka yi wa mutum 761 masu wannan ciwo. Abin da ta yanke shi ne, mai yiwuwa ne ƙwarai asaikulobiya yana sa ƙurajen su washe da sauri, amma game da ƙaiƙayi shaidar ba ta tsaya ba. Ba a sami wanda maganin ya yi wa mummunan lahani a cikin gwaje-gwajen ba. Mutanen da aka gwada kuwa ba su da yawa.

Watau dai maganin ya kan rage kwanaki. Wanda bai sha ba shi ma zai warke sarai, sai dai ya daɗa haƙuri.

WA A KE BA?

Yawancin masu ciwon ba su bukatarsa. In tabunan ba su yi yawa ba, ƙaiƙayi kuma da sauƙi, likita zai yi maka bayani, ya ba ka abin rage ƙaiƙayi, ya ce ka je ka jira. Kada ka ce bai san aikinsa ba don bai yi maka allura ba. Kuɗin da za ka kashe a kantin magani, ka sayi abinci da shi.

Likita ya kan yi tunanin ba da shi in ƙurajen sun mamaye jiki ƙwarai, ko ƙaiƙayi ya hana barci da aiki, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da kasala mai yawa, ko ya ƙi tafiya, ko yana ta komowa. Ya fi son a zo masa a makon farko ko na biyu. In ciwon ya riga ya juya zai tafi, ba riba a shan magani.

IN LIKITA YA RUBUTA MAKA

1. Ka gaya masa in kana da ciwon ƙoda, ko kana shan wani magani, na asibiti ko na gargajiya. Ta ƙoda maganin ke fita daga jiki. Mai ciwon ƙoda da tsoho a kan rage musu awo.

2. Ka saya a kantin magani mai rajista. Ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Kada ka saya a faranti a kasuwa, inda rana ke dukansa.

3. Ka sayi na kwanakin duka. Ƙwaya 3 a rana har kwana 7, ƙwaya 21 ke nan. Ƙwaya 5 a rana kuwa, 35. Sayen guda 4 don a ɗanɗana ɓarnar kuɗi ce.

4. Ka sha a kan lokacin da aka ce. Maganin ba ya daɗewa a jini, shi ya sa a ke maimaita shi sau da yawa a rana. In ka manta da ɗaya, kada ka haɗa biyu.

5. Ka sha ruwa da yawa, tun ba lokacin bazara ba, ko in kana aikin gona. In jiki ya rasa ruwa, maganin ya kan taru a ƙoda ya yi mata lahani.

6. Ya kan sa waɗansu tashin zuciya, ko ciwon kai, ko zawo kaɗan. In fitsari ya ragu ƙwarai, ko mutum ya rikice, ko fuska ta kumbura, a tsai da shi a koma asibiti nan da nan.

7. Awon yaro dabam ne da na babba, bisa nauyinsa a ke yi. Kada ka ɓalla wa ɗanka daga naka. Kada kuma ka ba maƙwabci ragowar, don ka ga ƙurajensa sun yi kama da naka.

8. Akwai man shafawa mai wannan suna. Na ƙurajen leɓe ne. Gwajin da aka yi a kan ƙuraje masu uwa da ƙwayar sha aka yi shi.

MACE MAI CIKI

Uwar gida, wannan magana taki ce. In kina da ciki, ki ka ga irin ƙurajen nan, kada ki jira ranar awo. Ki tafi asibiti a makon nan. Likitoci sun lura waɗansu matan da ciwon ya kama cikin mako 15 na farkon ciki sun yi ɓari, ko sun haihu kafin lokaci, tun ba waɗanda ƙurajensu su ka yi yawa, su ka daɗe ba. Mata da yawa kuwa sun yi ciwon sun sauka lafiya. Za a gwada jininki saboda tunjere, a riƙa duba cikin. Shan magani ko barinsa, likita ne zai yanke. Mai gida, kai ne za ka ba ta izini da kuɗin mota, kada ka jinkirta.

JIYYA A GIDA

A yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ko mai sanyi, ba mai zafi ba. A yi da sabulu mai laushi. Kada a dirje jiki da soso, ɓawon ba dauɗa ba ne, dirza kuwa tana ƙara fusata fata. Bayan wanka a shafa man kaɗanya ko basilin. A sa tufafin auduga masu yalwa. A rage aikin da ke kawo zufa da tsakar rana in da hali. A yanke wa yaro farce, don susa ta kan buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, wuri ya yi mugunya.

In ƙaiƙayi ya dame ka, ma'aikacin lafiya zai ba ka ruwan kalamin na shafawa, ko wani mai mai sauƙi, ko ƙwayar ƙaiƙayi. Ƙwayar nan ta kan sa barci, kada ka sha ka hau babur.

Ga abubuwan da za ka guje wa:

Kada a yi tsaga, kada a yi ƙaho a kan tabon.

Kada a shafa kanwa, ko toka, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ko maganin ƙwari. Waɗannan suna ƙona fata, su bar tabon da ba ya gogewa har abada, bayan kuwa ciwon kansa ba ya barin irin wannan.

Kada a shafa man bilicin, ko man nan mai haɗe-haɗe da a ke sayarwa wai yana maganin kowane ciwon fata. Yana sa fata ta yi sirara, yana kuma ɓad da kamannin ciwo, likita ya kasa gane shi.

Kada a yi ta haɗiyar kafso. Ba ya taɓa bairos, yawan shansa kuwa ba bisa ƙa'ida ba ya kan sa ya ƙi aiki ran da a ke bukatarsa da gaske.

TABON DA YA RAGE

Bayan ƙurajen sun tafi, a jikin baƙar fata su kan bar wurare masu duhu ko masu haske. Ba ciwon ne ya komo ba. Launin fata ne bai gama daidaita ba, ya kan ɗauki watanni kafin ya koma yadda ya ke. Maganin bairos ba ya goge shi, kada ka ƙara saye saboda haka. Zafin rana ya kan ƙara masa duhu, sai a riƙa rufe wurin. In kana shakkar wani wuri mai haske, ka gwada da auduga yadda mu ka faɗa. In ba ya ji, sai asibiti.

KA KOMA ASIBITI BA TARE DA JINKIRI BA

In ƙuraje sun fito a tafin hannu ko tafin ƙafa.

In akwai gyambo a baki ko a al'aura.

In zazzaɓi ya yi zafi, ko idanu sun yi ja, ko fata ta yi bororo tana saɓulewa.

In wuri ya kumbura yana fid da mugunya.

In an wuce wata 3 bai tafi ba.

In mai ciwon jariri ne, ko mace mai ciki, ko mai ɗauke da ƙanjamau, ko wanda wani dogon ciwo ya raunana.

TAMBAYOYI

Bayan an gama karatu, mai gida ya tambayi iyalinsa:

1. Me ya sa a ke ce wa ciwon nan ƙuraje masu uwa?

2. Mako nawa ya kan yi kafin ya washe da kansa?

3. Waɗanne cututtuka huɗu ne ke kama da shi?

4. Don me likita ke gwada jinin baligi mai irin ƙurajen nan?

5. Me ya sa kafso ba ya maganinsa?

6. Wane ne a kan ba asaikulobiya, kuma a wane lokaci ya fi amfani?

7. Me mace mai ciki za ta yi in ta gan shi a jikinta?

Wanda ya kasa amsa, a sake karanta masa wurin. Ka adana takardar nan inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. In maƙwabcinka ya bukata, ka ara masa. Allah ya ba mu lafiya.